Sati biyu a Malesiya, ruwa ne ya ba ni kashi

Kafin in tafi Malesiya duk wanda ya ce min akwai zafi sai in yi dariya, wai ni za a ba labarin zafi. Ashe nasu daban ne. Da rana bai cika wuce digiri 33 ba, amma iskar a jiƙe take sharkaf, ka fito daga wanka ka goge jiki, kafin ka gama sa maɓallin riga zufa ta sake karyo maka kuma ba ta bushewa. Ni kuwa na cika akwati da shadda mai sitaci har kala biyar wai zan sha kwalliya. Ɗaya na sa, ranar Juma'a, sauran kwanakin duk a ƴan riguna marasa nauyi na ƙare, waɗanda na saya a can.

Maganar takardu ba tsayi. Biza dai dole, sai katin allurar shawara tunda daga yankin Afirka da ake samun cutar na taso, kuma a yi allurar aƙalla kwana 10 kafin tafiya. Akwai wani fom na intanet da suke kira MDAC, ana cike shi cikin kwana 3 kafin ka sauka, kyauta ne, duk shafin da ya nemi kuɗi a kansa ka gudu. Filin jirgin KLIA a Sepang yake, da ɗan nisa da Kuala Lumpur, ni jirgin ƙasa na KLIA Ekspres na hau, ringgit 55, kusan rabin awa ya sauke ni a KL Sentral, babbar tashar jiragen ƙasa ta Kuala Lumpur. In kun kai ku uku ku kira mota ta manhajar Grab kawai ya fi muku arha. Layin waya da fasfo ake yankarsa, katin Touch 'n Go kuma ka saya tun ranar farko, da shi za ka rinƙa shiga jiragen cikin gari.

To ruwan. Da safe gari garau, rana fes, sai wajen ƙarfe 3 ko 4 na yamma ka ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin, tsawa kamar sama za ta tsage, a zuba kamar da bakin ƙwarya na awa guda ko biyu a ɗauke. Ban gane tsarin ba sai da na je Batu Caves, kogon nan na ƴan Hindu mai matakala 272. Na yi barcin safe na isa bayan azahar, ga leda a hannuna da ayaba da ruwan gora. Ko rabin matakalar ban kai ba wani biri ya duro ya fizge ledar, ya koma gefe ya zauna yana ɓare ayabar yana kallona ido cikin ido, ko kunya. Ina haki na kai sama, ina juyowa ruwa ya kece. Na sauko ina bin ƙarfe a hankali saboda santsi, takalmina na fata ya sha ruwa, har na baro ƙasar bai dawo daidai ba.

A masallacin Juma'a na haɗu da wani yaronmu ɗalibi, ya ji ina amsa waya da Hausa ya matso muka gaisa. Na ba shi labari ya yi ta dariya, ya ce "Yaya ai nan yawon waje da safe ake yi, in azahar ta wuce ka shige inda ke da rufi." Shi ya kuma gargaɗe ni kan sauro, ya ce nasu mai ratsin baƙi da fari ne, da rana yake cizo musamman da hantsi da gab da magariba, zazzaɓin dengi yake sawa, kuma in zazzaɓi ya kama ni kar in kuskura in sha asfirin ko ibuprofen don suna ƙara haɗarin zubar jini, farasitamol kawai sannan in nufi asibiti. Daga ranar man sauro bai bar aljihuna ba.

Wani wautar da na yi, wanke kaya a banɗakin otal na shanya. Kwana biyu ba su bushe ba, sai ma wani warin funfuna da suka ɗauka. Ashe kusan kowace unguwa akwai shagon injin wanki da suke ce wa dobi, ka zuba kuɗi ya wanke ya busar. Sannan sanyin na'ura a manyan kantuna da cikin jirgi ba na wasa ba ne, ka shigo da jiƙaƙƙiyar riga ya buge ka, mura ta kwana uku na yi.

Sallah kam ba matsala, duk babban kanti akwai surau, ɗan masallaci da wurin alwala. Sai dai agogonsu ya riga rana, azahar sai bayan ƙarfe 1, magariba bayan 7, ka sa manhajar lokacin sallah kar ka yi lissafi da ka. Abinci ka duba tambarin halal, don gidajen abincin ƴan China da yawa akwai alade. Ni a shagunan mamak na tare, na Indiyawa Musulmi, wasu ba sa rufewa dare da rana, ga roti canai, wata irin gurasa, da shayin teh tarik. Kalma biyu na haddace, kurang manis, wato a rage siga, in ba haka ba madarar gwangwani za su dankara maka.

Na so in tsallaka tsibirin Perhentian, sai aka ce min daga Nuwamba zuwa wajen Fabrairu damina ce a gabar gabas, teku na hauka, yawancin masaukai a rufe. Ni kuma a Disamba na je. Kuɗin da na ware wa tsibirin a kan durian, wani ɗan itace mai ƙaya da wari mai ƙarfi, na kashe wani ɓangare, a bakin titi na tsaya na cinye shi tunda otal sun manna takarda a lif cewa ba a shiga da shi, kuma sai da na yi kwana guda ina gyatsarsa.