"Na yafe" da ake faɗa a gadon asibiti

A shekarata ta farko a ofishin wani babban lauya a Katsina, wani dattijo mai sayar da kayan miya ya shigo yana dogara sanda, ƙafar hagu tana jan ƙasa. Wata bakwai kafin nan mota ta banke shi a wajen Ƙofar Ƙaura yana tura baro. Direban saurayi ne, kansa a sunkuye yana latsa waya, kuma mai shayi da 'yan acaɓan da ke wurin duk ganau ne. Na ce a raina wannan shari'a ai an gama ta tun ba a fara ba. Da na tambayi takardu, sai ya laluba aljihu ya fito da guda ɗaya a ninke cikin leda. Yarjejeniya ce da aka rubuta kwana 2 bayan haɗarin: ya karɓi naira dubu 40, ya dangwala yatsa, ya yafe.

Na ce, "Baba, wa ya sa ka dangwala?"

Ya ce, "Ɗana, uban yaron ne ya zo da limamin unguwarsu, ina kwance. Da wane ido zan kalle su in ce a'a?"

A makaranta an koya mana yadda ake tabbatar da sakacin direba a gaban alƙali. Ba a gaya mana cewa a garinmu yawancin irin wannan magana a kwana biyun farko take mutuwa ba, tun kafin a san ko ƙafar za ta sake taka ƙasa. Ana cewa ƙaddara ce, kuma ƙaddara ce ɗin. Sai dai wanda ya zaɓi ya karanta saƙon WhatsApp yana tuƙi ai da hannunsa ya ɗauki wayar. Addinin da ake kawo wa majinyaci a bakin gado shi ne ya ajiye diyya a kisan kuskure, a Suratun Nisa'i aya ta 92, malaman fiƙihu kuma suka yi bayanin arashin rauni, wato diyyar jin rauni, gaɓa-gaɓa. Yafiya tana da lada, amma mutum ya fara sanin abin da yake yafewa.

Abin da ya fi karya mana gwiwa shi ne rashin rasit. Bayan kwana biyar a asibiti 'yan'uwan dattijon suka ɗauke shi zuwa wurin mai ɗori a ƙauye. Ban raina masu ɗori ba, kakana ma a hannunsu ya warke, amma ba sa rubuta ko sisi, alƙali kuwa kuɗin magani sai an tabbatar masa da shi da hujja, naira bayan naira. Babu hoton ƙashi, babu rahoton likita, babu wanda ya karɓi lambar mai shayin, wanda a lokacin ya riga ya tashi daga wurin. Bayanan kiran waya ana iya neman su daga kamfanin sadarwa da umarnin kotu, amma ba za su nuna inda idon direba yake ba. Bakin ganau ne ke nuna wannan.

Tun daga nan na daina fara hira da sashen doka. Abin da nake fara gaya wa dangi shi ne su ɗauki hoton lambar mota da takardar inshora, su adana ko rasit ɗin auduga ne, kar kuma majinyaci ya sa hannu a komai yana cikin zafin ciwo.

Inshorar nan ma mutane sun ɗauke ta takardar nuna wa ɗan sanda a shinge. Tun watan Janairun 2023 kuɗinta ga motar gida ya tashi daga naira dubu 5 zuwa dubu 15, kuma ainihin amfaninta biyan wanda aka buge ne, in dai ba ta bogi ba ce da aka buga a bakin tasha. Tarar da Hukumar Kiyaye Haɗurra ke yanka wa mai waya a kan sitiyari, naira dubu 4 a jadawalin da muka daɗe da sani, aljihun gwamnati take shiga, ko kwabo ba ya zuwa ga mai karaya. Wanda ba shi da kuɗin lauya kuma akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1976, amma dattijon nan bai taɓa jin sunanta ba.

Ni da zafin kan ƙuruciya na so mu nemi kotu ta rushe yarjejeniyar. Maigidana ya yi murmushi, ya sa babbar riga, ya ce in ɗauko fayil. Gidan uban yaron muka je bayan la'asar, muka sa aka kira limamin nan. Maigidana bai ambaci kotu ba ko sau ɗaya. Ya dai sa dattijon ya naɗe ƙafar wando, kowa ya ga yadda ƙashin ya haɗe a karkace. Liman ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya juya ga uban yaron ya ce, "Alhaji, wannan fa da sauran magana."

Sun biya kuɗin aikin da aka sake yi masa. Baron kuwa ɗansa ne ke turawa yanzu, shi yana zaune a kan benci yana kasa tumatir.