Asabar ɗin da ciniki biyu suka ƙi faɗawa

Asabar, bayan isha'i.

Ruwan da aka kwana ana yi ya hana mutane fitowa da wuri, sai wajen ƙarfe sha ɗaya kasuwar waya ta Farm Centre ta fara cika. Kafin azahar ban yi wani aikin kirki ba, daga canjin sikirin sai wata waya da ta faɗa kwata, wadda na san ba za ta tashi ba amma mai ita ya nace a gwada.

Na dawo daga masallaci na tarar da ɗan yayata zaune a bencin shago. Gaisuwarsa ta yi tsawo yau, har da tambayar ciwon bayan da na yi tun watan jiya, nan na san da magana a bakinsa. Ya ciro kuɗi a naɗe daga aljihu, naira dubu arba'in, barka da sallarsa ce da ɗan abin da yake samu a shagon ɗinki.

"Kawu, don Allah tura wa wani za ka yi ta wayarka, ga kuɗin."

"Wane ne wani?"

Wai akawun ɗin Free Fire zai saya, wasan harbe-harbe na waya. Tsohon akawun ne, da kayan Sakura da na Hip Hop, irin na farko-farkon Elite Pass, tikitin da ake saya a ci kyaututtuka a wasan, da yara ke mutuwa a kansu saboda kusan babu mai su sai waɗanda suka fara wasan tun yana sabo. A wani guruf na WhatsApp ya ga tallar. Ya nuna mini bidiyon da mai sayarwa ya ɗauka yana buɗe kayan ɗaya bayan ɗaya, da hotunan hirarsa da wasu da ke masa godiya wai sun saya sun ji daɗi. Har da dillali, wanda za a tura wa kuɗin ya riƙe sai an miƙa akawun. Na ce wa ya kawo dillalin? Ya ce mai sayarwa. Na ce wa ya sa shi shugabancin guruf ɗin? Ya yi shiru. Saƙon ƙarshe kuma cewa yake wani ya taya dubu arba'in da biyar, in bai biya kafin la'asar ba an sallama wa wancan.

Na zaunar da shi na yi masa bayanin da na gaji da yi wa yaran kasuwar nan. Kamfanin Garena na Singafo, mai wasan, bai buɗe ƙofar musayar kaya tsakanin 'yan wasa ba. Kana iya saya wa abokinka kyauta da daimon, kuɗin cikin wasan, daga shagonsa, amma rigar da ke cikin akawun ɗinka ba ta fita. Shi ya sa ake sayar da akawun ɗungurungum, kuma sharuɗɗan kamfanin sun hana hakan, don haka ranar da aka cuce ka babu inda za ka kai ƙara, in ka kai ma kanka ka tona. Abin da ya fi wannan muni, akawun ɗin a ɗaure yake da Facebook ko Google na wanda ya buɗe shi. Ko da mutumin ya ba ka kalmar sirri yau ka canza, shi ke da tsohuwar lambar waya, shi ya san tsohon imel, shi zai iya tura katin shaidarsa ya ce an yi masa kutse. Bayan sati biyu ka wayi gari a waje. Kamar ka sayi gida ne mai gidan ya riƙe takardu da makullin ƙofar baya. Akwai akawun ɗin da aka sayar wa mutum uku a haka, kowa ya ɗana ya fita.

Ya ce, "Amma Kawu ai ga bidiyo." Na ce bidiyo ya nuna kayan suna nan a wani wuri a duniya, bai nuna na mai maganar ba ne. Na ce ya rubuta masa abu biyu: ya shigo wasa yanzu da wannan akawun su haɗu a tawaga ɗaya, sannan mu ma mu kawo namu dillalin, wani mai shago a layinmu da kowa ya sani. Amsa ta zo nan take, wai ba ya son ciniki da marasa yarda da mutane. Bai ma taɓo maganar shigowa wasa ba. Kafin in gama ɗaura wata waya ya rage kuɗin zuwa dubu talatin, shi da ke da mai sayen dubu arba'in da biyar a hannu.

Yaron ya tafi ransa a ɓace, da ni yake fushi ba da ɗan damfarar ba. Na riƙe kuɗin zan kai wa mahaifiyarsa gobe. Ban yi masa faɗa a kan son kayan wasa ba, don ni ne mutum na ƙarshe da zai yi wannan wa'azin.

Domin da na dawo gida na ci tuwo, aka yi sa'a akwai wuta, na kunna kwamfuta na shiga Steam, dandalin da ake sayen wasanni da musayar kayansu, sai ga nawa rabon yana jirana. Wani da muka taɓa buga wasan Counter-Strike tare ya turo mini linki, wai in taimaka in zaɓi tawagarsu a wata gasa. Salon rubutun ba nasa ba ne, mutumin da ko gaisuwa ba ya kammalawa yau ga shi da ladabi. An sace akawun ɗinsa ke nan, ana bin abokansa ɗaya bayan ɗaya. Shafin da linkin ke kai mutum yana fito da wata 'yar taga mai kama da ta shiga Steam sak, har da adireshi a samanta, alhali zane ce kawai a cikin shafin. Gwajinta ba wuya: ka ja ta da linzami, in ta ƙi fita daga cikin burauza, ta bogi ce. Ni dai ɗabi'ata, in wani shafi ya nemi in shiga, sai in buɗe Steam da hannuna a wani gefe in shiga can. Shafin gaskiya zai gane ni ya nuna maɓalli ɗaya kawai, na ƙarya kuwa zai ci gaba da roƙon kalmar sirri ko ya ce in ɗauki hoton lambar QR.

Abin da ke ba ni tsoro a wannan damfarar shi ne haƙurin masu yinta. Sun shiga akawun ɗinka, ba su taɓa komai ba, saboda kaya ba sa fita sai ka amince ta manhajar Steam Guard a wayarka. Sai su zauna jira, ko wata guda ne. Ranar da ka tura wa wani tayin musaya na gaskiya, cikin daƙiƙoƙi na'urarsu za ta soke shi ta turo wani irinsa daga akawun mai suna ɗaya da hoto ɗaya da na abokin cinikinka. Kai kuma ka ɗauki waya ka danna amincewa da yatsanka. Shi ya sa a wancan allon na ƙarshe ba suna nake dubawa ba, suna kowa na iya sa wa. Ranar da aka buɗe akawun nake dubawa, da matakinsa, da ko akwai wani tayi da aka soke ba da sanina ba. Sauran dabarun duk jikokin wannan ne: mai cewa ya kai ƙararka bisa kuskure ka yi magana da wani ma'aikacin Valve, kamfanin da ke da Steam, a manhajar hira ta Discord, alhali ma'aikatansu ba sa bin mutum ta hira, mai musanya bindiga da wata mai kama da ita amma ta fi tsufa, ana dab da rufe ciniki, mai turo hoton alat na bogi.

Tun da Valve ta shigo da sikin, wato adon bindiga da wuƙa, cikin Counter-Strike a watan Agustan 2013 ake wannan tsere. A Disambar 2015 kamfanin da kansa ya ce ana sace akawun kusan 77,000 duk wata, ya fara riƙe kayan musaya na kwana uku ga wanda ba shi da manhajar waya. A Maris na 2016 ya mayar da shi kwana 15, ya kuma daina mayar wa mutane kayan da aka sace, domin mayarwar na nufin ƙirƙirar kwafi na biyu, farashi kuma ya karye. A 2018 aka sa duk kayan Counter-Strike da ka karɓa ta musaya sai ya yi kwana bakwai kafin ka miƙa shi gaba. A Oktoban 2019 aka hana cinikin sababbin makullan buɗe akwatin sikin gaba ɗaya, saboda a cewarsu kusan duk waɗanda ke yawo a kasuwa da kuɗin sata aka saye su. Kowane mataki 'yan kasuwa sun yi ta kuka, ni ma har da ni a wasu, amma ban ga wanda za a ce ba dalili ba.

Na baya-bayan nan ne ya shafe ni yau. Tun Yulin 2025, in ka yi musayar kayan Counter-Strike 2, kana da kwana bakwai da za ka iya warware ta kayanka su dawo, sai dai a rufe maka ciniki na kwana 30. Ga wanda aka yi wa kutse wannan rahama ce. Amma ta juya haɗarin ne kawai zuwa kan mai biya da tsabar kuɗi a waje. Steam ba ta san da kuɗin da ka tura ta banki ba, abin da ke cikin tagar musaya kaɗai take gani. Mutum zai iya ba ka wuƙa yau, ka biya, gobe ya danna maɓalli wuƙar ta koma gida, shi asararsa wata guda ba ciniki.

To akwai wani ɗan Legas da muke wasa tare tun bara, yana son sayar da wata wuƙa da na daɗe ina hange. A kasuwar Steam za a cire masa kashi 15 cikin ɗari, kuɗin kuma su maƙale a jakar Steam ba za su zama naira ba, shi ya sa yake son mu yi tsakaninmu, ya kuma yi mini rangwame mai kyau. Ba na zargin sa da komai, mutumin kirki ne iya sanina, muryarsa na sani amma fuskarsa ban taɓa gani ba. Na ce masa ya turo wuƙar, ranar kwana na takwas in biya. Ya yi dariya ya ce to shi kuma wa zai tsaya masa in na ɓace a kwana na bakwai da rabi? Tambayarsa daidai ce, kuma ba ni da amsar da ta wuce in ce ya yarda da ni, kalmar da na hana wani ya karɓa ɗazu da rana. Muka tsaya a kan ya sa ta a ɗaya daga cikin kasuwannin da ke riƙe kuɗin mai saye har kwanakin su cika, mu raba kuɗin cajin biyu. Ya ce zai duba nawa suke cira ya faɗa mini ranar Litinin, in ya yi yawa a bar maganar.

Muka shiga Mirage, ɗaya daga filayen wasan, muka buga guda ɗaya, aka lallasa mu 13 da 6, intanet ɗina na ta yankewa.