Abin da na sha a shago na shekara 15

Shekarata 23 lokacin da na fara zaman shagon waya a Farm Centre, a Kano. Yaron shago ne ni, kullum da safe ubangidana yakan miƙo mini kuɗin abinci, kuma tun kafin in iya kwance waya in ɗaure na riga na ƙware a kashe kuɗin nan ba tare da tuwo ya shiga bakina ba. Ƙannena da ke zaman shago yanzu, da ɗalibai, da masu tuƙa adaidaita, ku nake wa wannan rubutu, don na ga kwalbar da na riƙe ita ce a hannunku.

Ga yadda yinina yake. Da safe teburin mai shayi: haɗin kauri, madarar gwangwani mai zaƙi, sukari babban cokali 3, da biredi. Kafin azahar lemon kwalba mai sanyi da biskit. Da la'asar wani lemon, don kwastoma ya zo an sayo masa, kuma ba ka bari baƙo ya sha shi kaɗai. Da dare a koma wurin mai shayi, taliyar leda 2, ƙwai 2, a kora da lemon malti. Shi wannan na ƙarshen har da niyyar magani nake sha, don an ce mana idan aka zuba masa madara yana ƙara jini. Na yarda da maganar ɗari bisa ɗari, ban taɓa tambayar wanda ya faɗa mini a ina ya ji ba.

Kwaɗayi yana ciki, ban musa ba, amma abin da ya fi ƙarfi shi ne girman kai. A ƙauyenmu tuwon dawa da miyar kuka muka tashi muna ci, da safe ɗumame, da rana fura. Da na shigo birni sai na ɗauki duk abin da ya fito daga leda ko kwalba a matsayin shaidar cewa na waye. Idan zan je gida da Sallah, katan ɗin lemo nake ɗorawa a mota. Inna ta tuƙa tuwo ta kawo, in ɗan taɓa in ce ya yi mini nauyi. Tumbi ya fara fitowa, 'yan gari suna cewa kuɗi sun zauna, ni kuma ina shafa shi ina murmushi.

Haƙori ne ya fara yi mini magana. An cire mini 2 a cikin shekara 3, na ce gado ne. Daga baya, ina da shekara 38, na raka wani ɗan'uwana asibiti, ma'aikaciyar jinya ta ga yadda nake haki bayan hawa bene ɗaya, ta ce, "Malam, kawo hannunka." Jini ya hau. Aka ce in dawo washegari ban ci komai ba a gwada suga. Ya nuna 6.6.

Likitan ya yi mini bayani a kan takarda. Idan mutum ya kwana bai ci ba, a ƙalla awa 8, kuma gwajin ya nuna ƙasa da 5.6, lafiya lau. Daga 5.6 zuwa 6.9, yana bakin ƙofa. Daga 7.0 zuwa sama, idan an sake gwaji ya tabbata, ciwon suga ne. Wasu na'urorin da wani ma'auni suke ƙirga, a wurinsu 100 da 126 ne iyakokin. Sai ya ce, "Malam, me kake ci?" Na lissafa masa da ƙarfin gwiwa, don a ganina ni ba mai ci da yawa ba ne. Ya gyaɗa kai, ya ce, "To me kake sha?"

Shekara 15 ban taɓa sa abin sha a lissafin abinci ba. A tunanina lemo ɗan'uwan ruwa ne, ana sha don ƙishi.

Yawancin lemon kwalba na da sukari kimanin giram 10 a kowace mililita 100. Robar rabin lita ke nan tana ɗauke da giram 50 ko sama da haka. Ƙaramin cokalin shayi yana ɗaukar kimanin giram 4, wato cokali 12 zuwa 13 a roba ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2015, ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a yini, wanda ga baligi ya kama kimanin giram 50, kuma ya fi kyau a sauko zuwa giram 25, cokali 6. Roba ɗaya ta cinye kason yinin gaba ɗaya. Ni kuma 3 nake sha, ban da shayi, ban da biskit.

Da na koma gida na ɗauko kofin gilashi na ƙirga cokali 13 a ciki. Maiɗakina ta leƙo ta ce, "Kunun mutum nawa za a dama?" Ku gwada wannan ko sau ɗaya. Ba wanda zai ɗebi sukarin nan ya zuba a baki da cokali, amma da sanyi da gas da ɗan tsami, a minti 5 ya wuce.

Abin da ya sa na ruwa ya fi ɓarna shi ne ba ya ƙosarwa kuma ba ya jira. Idan ka sha rake ko mangwaro, sai ka tauna, muƙamuƙi ya gaji, ciki ya cika, ka tsaya da kanka. Lemo kuwa yana shiga jini nan da nan, jiki ya yi ta sako sinadarin insulin don ya kwashe sukarin ya kai shi inda za a yi amfani da shi, abin da ya yi yawa hanta ta mayar da shi kitse. Yau da gobe, shekara da shekaru, sai jikin ya fara kunnen ƙashi da insulin ɗin, sukari ya riƙa zama a jini. Wannan kasalar da ke kama ni bayan azahar, wadda nake magancewa da wata kwalbar, kwalbar farko ce ke jawo ta.

Kuskurena na gaba shi ne jarumta. Na fito daga asibiti na rantse na bar komai a rana ɗaya: ba shayi, ba lemo, ba biredi, ba taliya. Ban tanadi abin da zan ci a madadinsu ba, sai na riƙa yini da yunwa da ciwon kai, ina yi wa yaran shago faɗa a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Kwana 9 na yi. A na goma aka yi walimar auren abokina, na sha kwalba 4 kamar mai ramuwar gayya.

Daga nan na koma dabara. Na sayi zuma, na sayi mazarƙwaila, na koma zoɓo da lemon 'ya'yan itace na kwali, ina ce wa kaina ai waɗannan na Allah ne. An gudu ba a tsira ba. Zuma tana da darajarta kuma ban raina ta ba, amma cokali 3 a kofin shayi sukari ne a wurin jini, kuma waccan shawara ta 2015 ta lissafa zuma da ruwan 'ya'yan itace da aka matse a cikin abin da za a rage. Zoɓon gora da nake saya kuwa, da na ga yawan sukarin da ake juyewa a bokitin, na gane sunan kawai na canja. Har ruwan shuwaka na riƙa sha da dare, wai ɗaci yana wanke zaƙin da aka sha da rana. Wata 4 ina wannan wasa, na koma gwaji, lambar tana nan inda na bar ta.

Sai a lokacin na zauna na yi karatu a wayar da nake yini ina gyara wa mutane. A nan na ci karo da wani malamin jami'ar Sao Paulo a Brazil, Carlos Monteiro, wanda tun 2009 shi da abokan aikinsa suka fara raba abinci bisa irin sarrafawar da aka yi masa, har suka kasa shi gida 4. Sarrafa abinci ba laifi ba ne a kansa: daddawa sarrafawa ce, nono da man gyaɗa da kilishi ma haka. Gida na huɗu shi ne abin dubawa, abin da masana'anta ta harhaɗa daga sitaci da mai da sukari da gishiri, ta ƙara kala da ƙamshi da sinadaran da ba za ka samu a madafin mahaifiyarka ba. Lemon kwalba, biskit, taliyar leda, alawa, lemon ƙara kuzari, da nannaɗaɗɗen naman ledar nan da ake miƙo maka ta taga a gosulo, duk nan suke.

A 2019 wani mai bincike a Amurka, Kevin Hall, ya ajiye mutum 20 a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin ƙasar har wata guda. Mako 2 ana ba su irin wancan abincin na masana'anta, mako 2 kuma abincin da aka dafa daga kayan asali, an daidaita yawan sukari da mai da gishiri da ke cikin abin da aka ajiye musu, aka ce kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin masana'anta sun riƙa cin ƙarin kalori, wato ma'aunin kuzarin abinci, kusan 500 kullum, kuma cikin sauri, nauyinsu ya ƙaru da kusan kilo 1. A ɗaya ɓangaren suka sauke kusan kilo 1. Mutum 20 ba su da yawa, amma ni na gane kaina a cikinsu. Taliya 2 nake shanyewa a tsaye, bayan awa 2 ina neman abin taɓawa. Kwanon ɗanwake ɗaya kuwa yana kai ni magariba.

Abin da ya yi mini aiki a ƙarshe ba shi da wani armashi. Ban bar mai shayina ba, amma na ce ya mayar da cokali 3 zuwa 2, bayan wata guda zuwa 1, madarar gwangwani mai zaƙi kuma aka cire ta. Harshe yana sabawa. Bayan 'yan makonni na kurɓi shayin wani na ji kamar an narka alawa. Lemon rana shi na fara cirewa, na ajiye gorar ruwa a ƙarƙashin kanta, da gyaɗa da aya a aljihun tebur don lokacin da baki ke neman aiki. Mafi wuya shi ne zuwa kasuwa da kular abinci daga gida. Maƙwabtan shago suka sa mini suna ɗan firamare. Yanzu biyu daga cikinsu da nasu kulolin suke zuwa, ɗaya bayan an sa shi a kan magani.

Za ku ce abinci mai kyau tsada ne, kuma ɗakin gwauro ba murhu. Idan tuffa da inabi ake nufi, gaskiyarku. Amma mai dambu da zogale tana nan, mai awara, mai ƙosai, mai wake da shinkafa, mai fura da nono wadda za ka iya ce wa kada ta sa sukari. Ku haɗa kuɗin roba 3 a yini ku ga kwano nawa ne. Gwamnatin Najeriya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021, aka fara karɓa a 2022, amma a layinmu ban ga wanda naira 5 a kan roba ta hana shi sha ba.

Kada kuma a ɗauka duk abin da aka tuƙa a gida ya kuɓuta. Malmala 3 ta tuwon shinkafa da ɗan ɗigon miya ita ma sukari take komawa. Na rage tuwon, na ƙara miya da ganye da wake. Dunƙule kuma, wanda kusan rabinsa gishiri ne, mun sauko daga 6 a tukunya zuwa 2, daddawa ta cike gurbin. Gishirin yini ɗaya bai kamata ya kai giram 5 ba, ƙaramin cokali ɗaya ke nan. Azumi ne lokacin da na fi zamewa, don bayan ƙishin yini ba abin da ido ke so kamar kwalba mai raɓa. Dabino da ruwa, sai salla, sai abinci: idan na bi wannan jerin, kwalbar ba ta samun wuri.

Ku koyi juya leda ku karanta bayanta. Kayan haɗi ana jera su ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta, don haka idan sukari ko gulukos ne na biyu bayan ruwa ko fulawa, kun san abin da kuka saya. Idan an rubuta giram ɗin sukari a kowace mililita 100, ku ninka sau 5 don rabin lita, ku raba gida 4, ku sami cokulan. Wanda kuma akwai mai ciwon suga a gidansu, ya je ya yi gwaji tun yana jin kansa garau, don ni ma garau nake ji a 6.6. Idan likita ya rubuta magani a sha. Gyaran abinci ba ya maye gurbinsa.

Gwajina na baya-bayan nan ya nuna 5.4, wandunana an rage musu ƙugu. Haƙoran dai sun tafi. Abin da ya fi damuna yanzu shi ne babban ɗana, wanda ni na koya masa cewa idan Baba ya dawo akwai alawa da lemon leda a aljihu. Na koma kawo masa gwaiba da goruba, yana karɓa, amma sai ya sake leƙa aljihun.

Baƙi ma ban gano bakin zarensu ba. Ranar Juma'a surukaina suka zo, na ce a kawo musu ruwa da kankana. Maiɗakina ta ja ni gefe ta ce, "Haba Malam, Baffa ne fa, so kake a ce mun raina shi?" Na aiki yaro ya sayo 4. Sun sha 3. Ɗayar tana firij yau kwana 5, a bayan robar kunun aya, kuma duk sanda na buɗe don ɗaukar ruwa sai idona ya je wurin.