DMZ ta kusa ja min magana a gida

Asabar, wajen ƙarfe 11 na dare.

Tun bayan Azahar nake fama da rauta, na'urar nan da ke raba mana intanet a gida, yanzu haka bayana ciwo yake saboda tsugunno a bayan talabijin. Abin ya faro ne daga wasan ƙwallo da muka shirya da abokina na Zariya, FIFA dai, duk da tun 2023 suka mayar da sunan FC amma bakina ya ƙi sabawa. Sau biyar yana turo gayyata sau biyar tana faɗuwa, ko muryarsa ba na ji. Na gwada intanet a PS4 ɗin, wato PlayStation ɗin da muke wasan da ita, sai ga NAT Type 3. Na kira shi a waya, wai shi ma 3 ɗin ce. Toh, kurma ya haɗu da kurma.

Yadda na fahimci NAT ɗin nan, rauta maigadi ce. Ɗan gida ya fita aike ya dawo da amsa, ta buɗe masa. Baƙo ya ƙwanƙwasa daga waje ba wanda ya kira shi, ta yi kamar ba ta ji ba. Type 2 maigadi ne mai sassauci, Type 3 kuwa irin wanda ko sallama ba ya amsawa.

Ƙanina yana gefe yana ta cewa "Yaya ka saka DMZ kawai, minti ɗaya ne, a YouTube na gani." Na ce masa bari mu bi ta hanya tukuna. Na shiga 192.168.1.1, shafin saitin rautar, na je wajen fot fowadin, inda ake buɗe wa na'ura ƙofofi masu lamba, na rubuta lambobin PlayStation ɗaya bayan ɗaya, TCP 3478 zuwa 3480, UDP 3478 da 3479, har 3074 na ƙara don Call of Duty tunda dai na riga na shigo. Na kashe na kunna. Type 3. Na kunna UPnP wanda shi gem ɗin ne ke buɗe ƙofar da yake so da kansa, nan ma shiru kake ji. Daga nan haƙurina ya ƙare, na ce kawo DMZ ɗin naka.

Sunan ma daga sojoji aka aro shi, irin filin nan da ke tsakanin Koriya ta Arewa da ta Kudu tun 1953. A rautar gida kuwa ma'anarsa duk wanda ya ƙwanƙwasa ta kowace ƙofa a tura shi wajen na'ura guda, ba tambaya. Ga PS ba wani abin tashin hankali ba ne sosai, ba ta da abubuwa da yawa da ke zaune suna jiran baƙi, amma kwamfuta ko kyamara wannan wata magana ce daban. Na rubuta lambar da rautar ta ba PS ɗin, mai ƙarewa da 104, na adana.

Ana kiran La'asar aka ɗauke wuta.

Na ɗauki jarka na tafi Kawo neman fetur, ga layi ga rana, sai dab da Magariba na dawo muka tada janareta. Allah ne kawai ya sa na sake leƙa jerin na'urorin da ke kan rautar. PS ta koma 107. 104 kuma? Akwatin kyamarorin tsaro da Baba ya sa aka haɗa bara, mai kallon ƙofar gida da tsakar gida inda Umma ke girki. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Ashe DMZ ba ta san wata PS ba, lamba kawai ta sani, ita kuma rauta duk sanda ta farfaɗo tana iya sake rabon lambobin, wanda ya riga zuwa ya ɗauka. A garin da ake ɗauke wuta sau nawa a yini, wannan ai caca ce. Kuma da na gwada shiga akwatin, fasawod ɗin da ya zo da shi daga kamfani ne har yau, mai haɗawar bai canza ba mu ma ba mu tambaya ba. Irin waɗannan kyamarorin ne fa cutar kwamfuta mai suna Mirai ta kwashe a 2016 da fasawod na kamfani, aka yi amfani da su aka durƙusar da su Twitter da Netflix na sa'o'i a Amurka.

Na kashe DMZ nan take, na canza fasawod ɗin kyamara da na rautar kanta, na ɗaure wa PS lamba guda da adireshin MAC ɗinta, wato lambar shaidar da aka ƙera ta da ita, yadda ko sau goma aka ɗauke wuta ba za ta motsa ba. Da wannan ya kamata in fara tun farko.

Abin dariyar shi ne sai a lokacin na lura da lambar WAN, wato lambar da kamfanin intanet ya ba rautar, tana farawa da 100.72. Duk abin da ke tsakanin 100.64 da 100.127 na CGNAT ne, wato kamfanin intanet ɗin ya tara mu da yawa a bayan lambar waje guda, akwai wani babban maigadin a gaban nawa wanda ba ni da makullinsa. Kenan duk fot ɗin da na yini ina buɗewa ƙofar ɗaki ce a gidan da aka garƙame zaure. Shi ya hana ni wasa, shi kuma ya rufa wa kyamarar asiri. Na kira su, wata ta ce lambar kaina sai na koma tsarin 'yan kasuwa, da ta faɗi kuɗin na ce na gode Hajiya, sai anjima.

Ƙarshe da ƙanina muka buga a falo, ya ci ni 3 da 1 yana ta tsiya. Yanzu kuma Baba ya aiko wai kyamara ta daina buɗewa a wayarsa, in zo in ga wa ya taɓa. Bari in je.