Kifayen Erawan sun yi kalaci da kaushina

Laraba da dare, garin Kancanaburi, ƙasar Tailan.

Cinyoyina zugi suke yi, amma in ban rubuta yanzu ba, gobe hayaniyar kasuwar Bankok za ta shafe komai.

Kayan da muka saro sai jibi za a gama ɗaurewa, shi ne Alhaji ya ce zaman otal ya ishe shi, mu je gandun dajin Erawan mu ga ruwan da ke gangarowa daga kan dutse. Nan Kancanaburi muka kwana, da sassafe muka hau wata tsohuwar bas mai fanka a rufi, tafiyar kilomita 65. A ƙofa baƙo bat 300 yake biya (bat shi ne kuɗin Tailan). Alhaji, da ciniki ya bi masa jiki, har ya buɗe baki zai ce a rage, na ja masa riga.

Tun 1975 gwamnatin Tailan ta keɓe dajin. Ruwan hawa bakwai ne, kowane hawa da gurbinsa, kore shar, har ƙasa kana hango tsakuwa. Irin dutsen da ake siminti da shi ne ke ba shi wannan launi. Da muka wuce hawa na biyu aka tsayar da mu: abinci ba ya gaba, gorar ruwa kuma sai ka ajiye bat 20, su yi mata alama, in ka dawo da ita a ba ka kuɗinka. Na so dabarar nan. Ko leda ɗaya ban gani a hanya ba.

Ni ban iya iyo ba. Tun muna yara Inna ta sa mana tsoron kududdufi, har yau in ruwa ya kai min gwiwa sai gabana ya faɗi. Don haka rigar hana nutsewa na haya, na samu dutse a hawa na uku na zauna, na tsoma ƙafa kawai. Ban yi minti ɗaya ba na ji caɓ a dunduniya. Na zabura da salati, wasu yara suka kwashe da dariya. Ashe kifaye ne, wasu kamar yatsa, wasu sun kai tsawon tafin hannu, matacciyar fata suke ci. Ƙanana cakulkuli suke yi, manyan kuwa mintsini ne sosai. Kaushin da hunturun Kano ya shekara yana tarawa, wanda dutsen goge ƙafa ya gaza, suka yi masa rubdugu.

“Malam, yau kifin Tailan ya samu kilishi,” in ji Alhaji daga tsakiyar ruwa.

Can dai na saki dutsen. Rigar ta ɗaga ni, sanyi ya ratsa ni har ƙashi, na lallaɓa har ƙarƙashin inda ruwan ke zubowa, yana dukan kafaɗuna kamar ana sakwara. Inna ba za ta ji wannan labari ba.

Daga hawa na biyar hanya ta zama saiwoyi, santsi da tsanin katako. Silifas ɗina ya tsinke, na ƙarasa ba takalmi. Wai hawa na bakwai kama yake da kan Erawan, giwa mai kai uku ta labaran Hindu. Na duba ta hagu, na duba ta dama, ni dai dutse na gani.

A nan muka yi alwala, muka haɗa azahar da la’asar a kan wani falalen dutse. Muna sallamewa muka ga biri ya yi sama da gorar Alhaji. Na karɓi bat ashirin ɗina a ƙasa, shi kuwa har yanzu yana kan gado yana lissafa nasa da naira.