Jamfa daban, "jumper" daban

Ɗan ƙanwata ne ya fama min tsohon miki. Na same shi yana ta latsa waya, wai zai yi odar kayan yara daga waje, ya ga an rubuta "vest", shi a ransa falmaran ce ta sallah. Na ce, "Kai yaro, mai kayan nan Turancin wace ƙasa yake yi?" Ya ce, "Kawu, ai Turanci ɗaya ne." Abin da na ce ke nan lokacin da na shiga harkar gwanjo a Ƙofar Wambai.

Dila na saya ta Ingila, an rubuta "jumpers" a jikinta. Ni kuwa tun ina yaro jamfa nake sawa, wa zai koya min ita? Da aka yanke ƙarfen dilar sai ga suwaita masu kauri, na ulu, a watan Afirilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40. Jarina ya kwanta har hunturu, kafin nan asu ya ci rabonsa.

Wani lokacin nakan ce ba laifina ba ne. Kalmar jamfa a bakin Turawan muka karɓe ta, in a garinsu rigar sanyi take nufi, a Amurka kuma doguwar rigar 'yan mata marar hannu, ni ina na sani? Kuma ba a buɗe dila sai an biya. Amma akwai wani dattijo a layinmu da ya fi shekara talatin yana fasa dila. Tambaya ɗaya ta ishe ni. Ban yi ba, don ina taƙama na gama sakandare shi ko aji bai shiga ba.

Na yi niyyar jero muku shawarwari da yawa, amma ku yaran yanzu wa ke karanta dogon rubutu? Ku riƙe wannan: "vest" singileti ce a Ingila, falmaran a Amurka. "Pants" wando ne a Amurka, a Ingila kamfai. "Knickers" da muke kiran gajeren wandon makaranta, a Ingila kamfan mata ne, kada ka je kanti ka ba da kanka. Lamba ma haka, rigar mata mai 12 a Ingila ita ce 8 a Amurka.

Ku daina dogara da suna, ku kalli hoto. Ko da yake hoton ma yana yaudara, ku da kanku kuna yi wa fuskokinku kwaskwarima a waya. To ku sa mai kaya ya auna da tef ya turo awon. In dila ce, babu hoto babu awo, sai ku ajiye wayar nan ku taka zuwa wurin wanda ya daɗe a kasuwa, ku gaishe shi tukuna kafin ku tambaya.