Hular da na sani tun daga Kano, da filinta a Bronx

Hular nan mai harafin N da Y a sarƙe, tun ina yaro nake ganinta a kan masu tura baro a Kwari da samarin unguwarmu. Ni ma na taɓa mallakar guda, baƙa, har ta koɗe. Duk tsawon shekarun nan na ɗauka tambarin birnin New York ne kawai. Sai da ƙafata ta taka can na gane ashe ta wata ƙungiyar wasan besbol ce, Yankees, kuma akwai mutanen da ranar da ƙungiyar ta sha kashi ba sa iya cin abincin dare.

Daga Kano na bi ta Abuja, jirgi ya yada zango a Turai, muka sauka filin jirgin JFK da la'asar sakaliya. Kawu, ƙanen mahaifiyata, ya zo ɗaukata da tasin da yake ja shekara ashirin da 'yan kai. Gidansa yana Bronx, wani yanki na birnin New York, wajen titi na 170. Kwana biyu na yi ina mamakin yadda Hausa ke tashi a unguwar: a kantin da ake sayar da manja da busasshen kifi, a ƙofar masallaci bayan Juma'a, Hausar Kumasi da ta Nima, da ta Zinder nan da can. Wanda ya ja ni filin wasa shi ne ɗan Kawu, taubashina. A can aka haife shi, Hausarsa tana ɗingishi, amma tsokana dai ya gaje ta cif. Ya ce ba zai bari baƙauye ya koma gida bai ga inda ake ƙera hularsa ba.

"Kawu, ba za ka zo ba?" na tambaya.

"Kai ɗana, ranar wasa ranar kasuwa ce a wurina. Ku je ku dawo ku ba ni labari."

Jirgin ƙasa mai lamba 4 a wannan yankin a sama yake tafiya, kan gadar ƙarfe, yana girgiza shagunan da ke ƙarƙashinsa. Tasha biyu ce kacal zuwa titi na 161. Tun kafin mu sauka taragon ya cika da riguna farare masu siraran layuka, kowace da lamba a baya: 99, 2, 42, da wani tsoho mai 7. Taubashi yana nuna mini da haɓa yana fassara sunayen 'yan wasan ƙungiyar masu lambobin: Aaron Judge, Derek Jeter, Mariano Rivera, Mickey Mantle. A ƙofar shiga na kusa jawo mana abin kunya, domin tikitin a waya yake, ni kuma na bar tawa ta kusa mutuwa. Da ƙyar ta ba da haske aka duba. Har muka zauna yana yi mini dariya.

Kujerunmu a bayan fili suke, ta hannun dama, sashe na 203. Ba kujeru ba ne ma, dogayen bencina ne na ƙarfe marasa majingina, su ne masu araha. Wasa na farawa sai jama'ar wurin suka miƙe gaba ɗaya suka kama tafi, suna kiran sunan ɗan wasansu guda da murya ɗaya, suna maimaitawa, ba su bari ba sai da ya waiwayo ya ɗaga musu hannu. Suka yi shewa suka koma kan na gaba, har suka zagaye filin. Na ce a raina, ga maroƙan da ke biyan kuɗi su yi kirari, ladan kuma ɗaga hannu. Al'ada ce da suka taso da ita daga sashe na 39 na tsohon filin.

Shi wasan, a taƙaice, mutum tara-tara ne. Mai jifa yana wurga ƙwallo da ƙarfin tsiya, mai gora yana ƙoƙarin bugunta, in ya samu sai ya ruga ya bi kusurwoyi uku ya dawo gida, a ba shi maki. In ya buga ta tsallake katanga, sai ya zagaya a natse kamar ango. Zagaye tara ake yi. Tsakanin jifa da jifa akwai sarari, kuma a wannan sararin ne hira take zama. Na lura rabin abin da ya kawo mutanen nan hirar ce.

A hagu da ni wani dattijo ne Bature, gashi fari fat, da kati a cinyarsa da guntun fensir, yana rubuta kowace jifa da wasu alamomi kamar hatimi. A gabanmu wata mata ce mai jiki, tana haɗa Turanci da Sifaniyanci, da jikanta a gefe. Da dattijon ya ji karo na farko ke nan da na zo, sai ya girgiza kai ya ce na makara, filin gaskiya yana tsallaken titi, an rushe shi. Wannan da muke ciki "sabon fili" yake ce masa, alhali tun watan Afrilun 2009 aka buɗe shi. Taubashi ya raɗa mini cewa haka suke, ko shekara hamsin za a yi sabo ne a bakinsu.

Tsohon an buɗe shi ranar 18 ga Afrilun 1923, kuma a ranar ɗan wasan Yankees Babe Ruth ya buga ƙwallo ta tsallake katanga a kan Boston Red Sox. An yi wasa na ƙarshe a cikinsa ranar 21 ga Satumbar 2008. Dattijon ya ce yana ciki a daren Oktoban 1977 da Reggie Jackson ya tsallakar da uku a jere a kan Dodgers. Benen sama, in ji shi, rawa yake yi a ƙarƙashin ƙafafunsu, domin a tsohon ginin benen a rufe yake kan fili, ihu ba ya da hanyar fita. A nan kuwa an ja kujeru baya, an buɗe ko'ina, sauti yana zurarewa. Matar ta juyo ta ce ya faɗi gaskiya amma bai faɗi duka ba: bai faɗi wari ba, bai faɗi lungunan da mutum biyu ba sa iya giftawa ba, bai faɗi layin banɗakin mata ba. Ita dai a shekararsa ta farko sabon filin ya kawo musu kofi na 27, a kan Philadelphia, ranar 4 ga Nuwamban 2009, to me ake nema a wurin gini? Dattijon ya ce, to daga nan fa? Ta yi tsaki ta juya. Da gani wannan musu ba yau suka fara shi ba.

Inda bakinsu ya zo ɗaya shi ne tikiti. Dattijon ya miƙa fensirinsa yana nuna mini can nesa, bayan mai cafke ƙwallo, wasu kujeru masu laushi, da yawa babu kowa a kai. A shekarar farko wasunsu dala 2,500 ake sayarwa, wasa ɗaya. Kyamarar talabijin kuma wurin take kallo duk dare, duniya ta yi ta ganin kujeru wayam, kafin watan Afrilu ya ƙare aka zabge farashin wasu zuwa 1,250. Tsakanin wannan sashe da sauran jama'a akwai shingen kankare, magoya baya suna kiransa da sunan ramin da ake haƙawa a bayan ganuwa. Da, in ji matar, yaro yana iya gangarawa har bakin fili kafin wasa ya miƙa ƙwallo a sa masa hannu. Ta dafa kan jikanta ta ce wannan bai taɓa matsawa kusa ba. Tsohon filin yana ɗaukar mutum wajen 57,000, wannan yanzu bai kai 50,000 ba. An rage na talaka, an ƙara ɗakunan manya.

Wani saurayi a bayanmu, ɗan unguwar, ya tsoma baki da nasa ciwon. Ginin ya ci kusan dala biliyan 1.5, in an haɗa da wuraren ajiye motoci da rangwamen haraji ya haura biliyan 2, kuma kaso mai tsoka daga aljihun jama'a ya fito. Ƙasar da aka ɗora shi a kai wurin shaƙatawa ne na unguwa, Macombs Dam Park, inda yara ke wasa. Sai a 2012 aka buɗe musu madadinsa a gurbin tsohon filin. Wannan magana ta fi shiga raina, domin duk Bakano ya san abin da ake nufi in aka ce an yanka filin makaranta an yi shaguna.

Yunwa ta taso. Naman da ake turawa cikin burodi ban san asalinsa ba, sai na tsaya a gyaɗa mai ɓawo. Kuɗin ƙulli ɗaya ya isa tiya a Dawanau har da canji. Kowa ɓarewa yake yana watsar da ɓawon a ƙarƙashin benci, ba mai harararsa, abin da ya sa na ji kamar ina gida fiye da komai a daren.

Labarin da ya fi ba ni dariya matar ce ta bayar. Lokacin da ake gini, wani lebura mai goyon bayan Boston ya binne rigar David Ortiz, ɗan wasan Boston na lokacin, a cikin kankare don ya karya wa Yankees ƙashin arziki. Da maganar ta fito a Afrilun 2008, aka kawo injin fasa kankare aka tono ta, 'yan jarida na kallo. Na dubi taubashi na ce, to kai da kake cewa mu ne masu binne laya? Ya rasa Hausar da zai rama da ita.

Ni ma na samu abin da zan jefa a hirar. Na tambayi dattijon ko a nan ne Muhammad Ali ya yi dambe, don na taɓa jin haka a bakin mahaifina. Fuskarsa ta washe. A tsohon filin ne, Satumbar 1976, da Ken Norton. Nelson Mandela ma a can ya yi wa jama'a jawabi a watan Yunin 1990, watanni kaɗan da fitowarsa daga kurkuku, ya ɗora hular ƙungiyar a kansa ya ce shi ma ɗan Yankees ne. Na ce ashe masu baron Kwari ba su yi zaɓen banza ba.

A zagaye na shida wani ya samu ƙwallo da kyau. Ƙarar gorar ta iso mana kamar an karya busasshen icce, kowa ya miƙe, ƙwallon ta yi sama cikin fitilu ta nufo ɓangarenmu, inda katanga ta fi kusa, ƙafa 314 a kan layi. Ta faɗa cikin jama'a can ƙasa da mu. Wani ƙato da ban taɓa gani ba ya rungume ni, dattijon ma ya yi tsalle har fensirinsa ya faɗi cikin ɓawon gyaɗa. Da ya zauna ya lalubo shi, ya yi alamarsa a kati, sai ya ce a tsohon fili da ihun ya ninka haka. Matar ba ta ko juyo ba.

Bayan an tashi muka tsallaka titi na 161 don in ga inda ake ta magana a kai. Heritage Field ake ce masa yanzu: ciyawa, raga, filayen wasa na unguwa. Wasu samari suna jifar ƙwallo a hasken da ke zubowa daga sabon ginin. A bakin titi wani mai tebur, da alama mutumin Senegal ne, yana sayar da huluna. Na ɗauki guda na juya ta, ɗinkinta sak irin na Kwari. Na taya, ya ƙi, na ajiye na yi kamar zan tafi, ya kira ni.

Kawu ya iso da tasi wajen sha ɗaya saura, bayan ya sauke fasinjansa na huɗu daga filin. Na shiga gaba ina ta zuba masa labarin ramin ganuwa da rigar da aka binne. Ya saurara yana kutsawa cikin cunkoso, sannan ya miƙo hannu ya karɓi hular ya duba ta a hasken danja.

"Nawa ka saya?"

Na faɗa masa.

"An cuce ka," ya ce, ya ɗora ta a kansa.